Hoton da Inna Ba Ta Tambaya Ba

Tun da na dawo daga Landan ban huta ba. A makaranta malamai 'yan'uwana sun tsare ni a ɗakin shan shayi, a gida maƙwabta sai sallama suke yi, kuma tambayar kowa ɗaya ce: yaya ƙasar take, ina kuma hotuna? Kundin hotunan ya zaga Kazaure har bangonsa ya yi laushi, wani shafin ma da tabon manja ya dawo. Na gaji da maimaita labari ɗaya ina manta rabi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Sunana Asabe, ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Tun da kuɗin mai ya buɗe wa gwamnati hannu ake ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje, har abin ya zo kaina: wata uku a Landan, koyon dabarun koyarwa. Amma ba kwas ɗin ne ya fi damuna ba. Yayana Haruna yana can shekara tara. Karatu ya kai shi, ya samu aiki a wani asibiti yana ɗaukar hoton ƙashi, aka ɗaura masa aure da Rabi aka tura masa ita, suka haifi 'ya, bai sake taka gida ba.

Yaya Haruna shi ne ɗan farin Inna, kun kuwa san abin da wannan yake nufi a gidajenmu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda ake hirarsa, in ta kama dole sai ta ce "mutanen can". Ni auta ce, har na yi wayo ina kwanciya a cinyarta, shi kuwa tsakaninsu gaisuwa ce daga bakin ƙofa. Ga shi ganin Inna ya fara dushewa. Likita a Kano ya duba ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, gaba zai yi ta yi, ita kuma ta hana a rubuta wa kowa.

Ana gobe zan tashi ta haɗa mini kaya: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi, da wani gwado mai nauyi wanda ita ta kaɗa zarensa da hannunta aka saƙa. Ta ce na yarinyar ne, an ce can akwai sanyi. Tana tuƙa tuwo, ta ba ni baya, sai ta ce ta ji an ce na sayi abin ɗaukar hoto. Na ce haka ne.

"To, ki ɗauko kowa da kowa," in ji ta. "Kada ki bar kowa."

Na ce to. Na san wanda ake nufi da kowa, kuma na san ba za ta ƙara kalma a kan haka ba ko da za a shekara.

Daga Kazaure zuwa Kano fijo na shiga. Rabin hanyar ana shimfiɗa sabuwar kwalta, rabin kuma manyan motocin siminti sun tare, direbanmu yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya kamar ya san iyayensu. Filin jirgi kuwa kamar ranar kasuwa. 'Yan kasuwa, ma'aikata, ɗalibai, kowa da manyan akwatuna, kuma na lura yawancinsu da hannu ɗaya ake ɗaga su. Wani alhaji daga Sakkwato da muka zauna kujera ɗaya ya bayyana mini cewa babu komai a ciki, can za a ciko su. Zuwansa na uku ke nan. Shi ya ɗaura mini bel, shi ya nuna mini inda ake danna kujera ta kwanta. Abin da bai gaya mini ba shi ne ƙananan ƙullin takarda da aka kawo tare da abinci ba duka ne sukari ba. Na juye gishiri a shayi, na shanye shi tas don kada ya gane.

Da safe muka sauka. A wurin binciken kaya wani saurayin Bature ya buɗe akwatina, daddawar Inna ta gaishe shi tun kafin ya gan ta. Ya ja da baya, ya tambaye ni mene ne wannan. Ni da nake koyar da yara da Turanci, ranar nan Turancin ya gudu ya bar ni, abin da na iya cewa kawai shi ne na miya ne. Ya kira wani dattijon abokin aikinsa mai jan hanci. Dattijon ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago yana murmushi, ya ce mini da Hausa, "Sannu da zuwa. Daddawa." Ashe ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya zamanin da. Ya sa aka mayar mini da komai, ban da kilishi, wai ba a shiga da nama. Na bar musu, Allah ya sa sun ci da shayi.

Ina fitowa na hango Yaya. Na saki akwati na durƙusa har ƙasa ina gaishe shi, Turawa suna kauce mini da kekunan kayansu. Ya kama hannuna ya ɗaga ni yana dariya, ya ce in tashi kafin a zaci suma na yi. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne, muryarsa ce kaɗai ba ta canza ba. Ya tambayi Kawu, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi maƙwabta gida-gida, har mai shayin bakin tasha bai bari ba. Inna ce ta ƙarshe, kuma a taƙaice. Na ce tana lafiya, tana gaisuwa. Ya gyaɗa kai ya ɗauki akwatin.

Ba zan ɓoye muku ba, matakalar nan mai tafiya da kanta da ake sauka ƙarƙashin ƙasa da ita ta ba ni kunya. Na tsaya a bakinta na riƙe zanina, mutane sun taru a bayana babu mai cewa uffan, sai da Yaya ya ƙirga mini ɗaya, biyu, uku kamar mai koya wa yaro tsallake kwata. Jirgin ƙarƙashin ƙasan shi suke kira tube. Da muka shiga na yi sallama, tarago cike da mutane, ba wanda ya ɗago daga jaridarsa. Yaya ya raɗa mini cewa a nan ba a gaida wanda ba a sani ba. Na ce to ta yaya ake saninsa? A Charing Cross muka canza jirgi zuwa Plumstead, unguwarsu, kuma wannan hanyar na yi ta bi kullum zuwa wurin kwas har na haddace tashoshinta.

Gidansu flat ne a saman bene, ɗaki biyu da falo, babu tsakar gida, babu inda mutum zai shanya ko barkono. Rabi ta karɓe ni kamar mun tashi ɗaki ɗaya. 'Yarsu shekararta shida, sunan Inna aka sa mata, don haka Ummi ake kiranta. Tana jin Hausa sarai, amma in ka yi mata magana, da Turanci za ta mayar maka, da irin muryar masu karanta labarai a rediyo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Yaya da ita. 'Yar farinsa ce, amma ya saɓa ta a kafaɗa, ya zaunar da ita a cinya, su ci a kwano ɗaya. Ni ce nake sunkuyar da kai don kunya. Rabi ta ga haka ta yi dariya, ta ce a nan babu kaka, babu gwaggo, in su ma sun yi mata kara, wa zai ɗauke ta? Gwadon Inna kuwa Yaya ya shafa shi sau ɗaya, ya ce an gode, ya ninka biyu ya shimfiɗa wa Ummi a gado.

Abinci dai sai haƙuri. A wurin kwas kullum dafaffen dankali ne da wani ganye da aka dafa har ya fita hayyacinsa, ba gishiri ba yaji. Sati na biyu na fara tafiya da yajin Inna a jaka, kafin wata ya ƙare wata malama 'yar Indiya da wani malami daga Kenya sun dawo teburina. A gida Rabi tana tuƙa tuwo da garin shinkafa na shagon Indiyawa, nama kuma sai an je Woolwich wurin wani mahauci Musulmi. Ranar da muka fara kaɗa miyar kuka da daddawar gida, tsohuwar da ke zaune a ƙasanmu, Misis Hadli, ta hau bene ta ƙwanƙwasa ƙofa, wai tana jin kamar wani bututu ya fashe. Rabi ta zaunar da ita ta zuba mata. Ta ci da cokali, sannan ta nemi ƙari.

Daga nan muka saba. Kullum da safe in na sauko sai na gaishe ta, in tambayi kwana, gajiya, sanyi, da kyanwarta, tun tana mamaki har ta koma jirana a bakin ƙofa. Ita kaɗai take zaune. Ɗanta yana cikin garin nan na Landan amma sai Kirsimeti yake zuwa, bangon falonta kuwa babu masaka tsinke don hotunansa, tun yana jariri har ya yi sanƙo. Ta bi da ni ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunansa, tana sumbatar gilashin. Na tausaya mata ƙwarai, kuma na tuna Inna, wadda ko hoto ɗaya na Yaya ba ta da shi, in ma tana da shi ba za ta rataya ba.

Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama, don haka duk Asabar muna yawo. Nan ne aka ɗauki hotunan da kuka gani. Wanda tantabaru suka sauka mini a ka ina ihu, a dandalin kusa da Charing Cross ne. Ga na jar bas mai hawa biyu, ga na bakin kogi, ga wanda muka haɗu da alhajin Sakkwato a wani babban kanti yana jan akwatin da yanzu sai mutum biyu. Duk inda ka juya a kantunan nan mutanenmu ne, masu shagon har sun koyi cewa sannu. Duk lokacin da na fito da kyamara sai Yaya ya miƙo hannu ya ce in kawo, ɗaukar hoto aikinsa ne, wanda yake ɗaukar haƙarƙarin Turawa kullum ba zai kasa ɗaukar fuskata ba. Ni kuma in gyara ɗaurin ɗankwali in tsaya ƙiƙam. Daɗin yawo ya ɗauke mini hankali, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba.

Rabi ta ce a bari a wanke su gaba ɗaya a ƙarshe. A can kantin magani ake kai fim, a ba ka sati guda. Saura kwana biyu in tashi na karɓo su, na baje a tebur da la'asar. Ga ni, ga Rabi, ga Ummi, ga Misis Hadli da kyanwarta, har ɗan sandan da ya nuna mana hanya yana ciki. Na juya su sau uku. Yaya ba ya cikin ko ɗaya, in ban da inuwarsa a kan titi a wani hoton, hannu a ɗage. Fim ya ƙare, ko na sayi wani ba za a wanke kafin in tafi ba. Abu ɗaya Inna ta aike ni, shi ne na bari.

Na same shi a kicin yana wanke kofuna. Na ce masa da gangan ya yi. Bai musa ba.

"Wa zai duba, Asabe?" ya ce. "Shekara tara ina rubuta wasiƙa gida. Kowa yana sa a rubuto mini saƙonsa, har Gwaggo. Daga Inna kuwa, tana gaisuwa. Na san al'ada, ba sai kin koya mini ba. Amma in mutum ya daɗe shi kaɗai a ƙasar sanyi, sai ya fara tunanin ko ba kunya ba ce, ko dai babu komai ne a wurin."

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, har na rasa wanda ya fi. Na gaya masa abin da nesa ta hana shi gani. Duk ranar da wasiƙarsa ta zo ina karanta wa Kawu a zaure, a ranar ce Inna take ganin shinkafarta tana bukatar tsinta, kuma a bayan ƙofar zaure kaɗai ake samun haske. Wasiƙun nan duka suna cikin kwallarta ƙarƙashin zannuwan aurenta, ita da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Sannan na ja shi ɗakin Ummi, na yaye gwadon na warware shi a ƙasa. Tsawonsa ya kai daga gado har bakin ƙofa.

"Yaya, dubi tsawonsa," na ce. "Rani biyu tana kaɗa zaren nan da idon da ba ya gani sosai. Yarinya 'yar shekara shida ake saƙa wa wannan?"

Maganar idon ta fita ban shirya ba. Ya tambaye ni wane ido, na faɗa masa duk abin da likita ya ce, na karya alkawarin da na yi wa Inna. Ya zauna a bakin gadon, ya tattaro gwadon a cinyarsa. Na fita na ja masa ƙofa.

Ranar tafiyata ya ce mu fita da wuri. A tashar Charing Cross akwai wani ɗan akwati mai labule, kamar rumfar mai gyaran agogo, wanda mutum yake shiga ya zauna inji ya ɗauke shi hoton fasfo sau huɗu nan take. Yaya ya ciro hula daga aljihun kwat, ya karya ta ya sa, ya shiga ya ja labule. Ƙafafunsa kawai muke gani. Hasken hoton farko ya tashi yana cikin gyara kujera. Ummi ta leƙa ta ƙarƙashin labule ta ce masa ya yi murmushi, na biyu ya same shi yana korarta, na uku yana dariya. Kafin na huɗu dariyar ta ɗauke. Muka tsaya jira har injin ya turo wata siririyar takarda da danshinta, fuska huɗu a jere. Ya riƙe ta da gefe yana hurawa har ta bushe, ya sa a ambulan ya ba ni, bai ce a kai wa wane ba.

Da na iso Kazaure gidanmu ya cika. Bayan an ci abinci an raba tsaraba, mata suka zauna a tabarma aka fara zaga hotuna. Kowanne ya zo hannun Inna sai ta kai shi dab da hancinta, ta tambaya. Ta yi dariyar tantabaru har da hawaye. Ta daɗe a kan Ummi, ta ce takwarar tata ta fi ta goshi. Ta tambayi wace ce tsohuwar mai kyanwa, da na ba ta labari ta ce Allah ya shirya mata ɗanta. Sannan na ciro ambulan. Gwaggo ta fara karɓa ta yi salati, ta ce wannan ai Haruna ne, ya zama dattijo. Takardar ta bi hannu-hannu har ta iso Inna. Ta karɓa, ta miƙa wa ta kusa da ita ba tare da ta sunkuya ba, ta ce bari ta duba ruwan da ta ɗora. Na san haka za a yi, amma duk da haka sai da zuciyata ta yi zafi saboda Yaya.

Da baƙi suka watse na tattara hotuna, siririyar takardar ba ta ciki. Ban tambayi kowa ba.

Washegari da hantsi na zagaya bayan ɗaki zan ɗebo itace, sai na ga Inna zaune a kan turmi inda rana ta fi haske, takardar tana dab da idonta, tana bin ta da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Na juya zan koma, ashe ta ji takuna.

"Asabe, huɗu ne, ko idona ne?"

"Huɗu ne, Inna. Duk mutum ɗaya ne."

Ta ce madalla. Ta sake kai ta ido, ta tsaya a kan ta ƙarshe, ta tambaye ni me ya same shi a nan idonsa ya yi ja. Hoton baƙi da fari ne, babu ja a cikinsa, amma ban gaya mata haka ba. Na ce hasken injin ne. Ta ce haka ne, hasken ne. Ta kunce bakin zaninta, ta naɗe takardar a hankali yadda ba za ta karye ba, ta ɗaure. Shi ya sa ku da kuke ta tambayata ina hoton Yaya Haruna a cikin kundin ba ku gan shi ba, kuma ba za ku gan shi ba.

Na ɗauki itacena zan wuce, ta kira ni, fuskarta tana kallon katanga.

"In za ki rubuta wa mutanen can, ki ce na gani. Ki ce har yanzu ina gani, amma kada a daɗe."

A ranar na rubuta, ban rage ko kalma ɗaya ba, na kai gidan waya da ƙafata.